Na Goma Sha Huɗu

Ɗaya ga Yuni, rediyo ya karanto sunayen bana,
ɗaya bayan ɗaya, kamar malami na kiran rajista.
Guguwar da ko cikinta teku bai ɗauka ba
har an yanka mata ragon suna.
Ina tsintar wake, ina ƙirgawa da yatsa.
Na goma sha huɗu: Nestor.
Tire ya karkace, wake ya bi ƙarƙashin kujera.

Shekara uku ke nan da muka kai ka bayan cocin Soufrière,
inda ƙasa ke warin farar wuta.
Yanzu kuma a ce mini kana tafe
daga gabas, ta kan ruwa?

To. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kira Alcide, ɗan maƙwabta, ya zo da tsani.
Shi a sama, ni a ƙasa, ina nuni da tsinin laima:
can, can ta kusurwar kicin,
mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.
Ya ce, "Ma Clémence, tsatsa ta cinye ƙusoshin nan."
Na ce cire, sa sababbi, amma kada ka yar.
Ya zubo mini su a gwangwanin madara,
saba'in da biyu,
kowace kanta ya kwanta gefe guda,
don kai bahago ne, gudumarka ba ta taɓa sauka daidai ba.

Reshen mangwaron da ya leƙo kan kwano
sai da na juya baya aka sa masa zarto.
Da 'ya'ya a jikinsa, ɗanyu shakaf.
Na tsince su a bokiti. Za su yi yaji da gishiri.

Duro biyu na cika, na rufe da leda, na ɗora dutse.
Kananzir. Ashana a cikin kwalba.
Batir, sardin, garin rogo, maganin hawan jini na wata biyu.
Takardar fili da ta aure na naɗe ninki uku
na cusa a tukunyar da ba na girki da ita.
Akuya kuwa ta san wurinta, banɗaki,
waccan shekarar tare muka kwana a ciki, ni da kai da ita,
sama tana yage kwanon gari kamar ana fige kaza.

Har yau layin laka na nan a bango, daidai ƙuguna.
Marvlyn ta ce a shafe shi da fenti. Na hana.
Ta bugo jiya daga Guadeloupe:
"Mama, ki taho wurinmu har Nuwamba."
Na ce wa zai rufe tagogi?

Allunan na nan a ƙarƙashin gida, inda ka jingine su,
da rubutunka na gawayi a kan kowane:
ta teku. Ta kicin. Ta yara.
Ɗaya babu rubutu, ta ɗakinmu ce,
ka ce wannan ko a duhu ka san ta.
Na gwada ta ni kaɗai. Sai da na juya ta sau uku.

Yanzu magariba. Teku ya yi lamo kamar bai san zancen ba.
Kwalekwalenka na kife a gindin kwakwa, igiya biyu.

Saurara, Nestor.
In layi ya kai kanka, in har kai ne,
ka shigo yadda kake dawowa daga sun dare:
takalmi a hannu,
ka ɗaga ƙofar kaɗan don kada ta yi ƙara.

In kuwa wani ne ya ari sunanka,
zai tarar da gidan a ɗaure tamau,
da tsohuwa zaune a banɗaki, da akuya, da fitila,
da gwangwani a cinya
tana girgiza masa.